Dintsin Ƙasa Daga Ungwan Ɗorawa

Duk wanda ya yi zaman Manchester a shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, in dai yana hawa bas tsakanin Withington da tsakiyar gari, da wuya a ce bai taɓa shiga motar Gamaliel ba. Dogo ne baƙi, da tabarau rataye a wuya, ba ya fara'a, ba ya kuma ɗaure fuska. 'Yan Arewa masu karatu a jami'o'in Oxford Road sun fi kowa saninsa, domin kusan kowannensu ya taɓa shigowa yana gulmar direba da Hausa, Gamaliel ya bari ya gama tsaf, sai da zai sauka ya ce masa, "A gaida gida."

Ba tuƙi ne ya kawo shi Ingila ba. Ya daɗe yana aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa, yana jera littattafai, yana koya wa tsofaffi taɓa kwamfuta. Wata rana aka tara su, aka ba su shayi da biskit, aka gode musu ƙwarai, aka rufe wurin. Shi da ya haura arba'in ya koma koyon juya doguwar mota a kwana. Ya taɓa aure, auren bai yi ƙarko ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ya faɗi laifin matar. Ya kama ɗaki a Longsight, saman shagon wani mahauci, maƙwabcinsa Falalu, Bakano mai aiki a kemis a Stockport Road.

Abu ɗaya ne mutane suka kasa gane masa. Idan hutu ya zo, wasu su tafi gida, wasu su tafi Dubai, shi kuwa sai ya nemi jirgi mafi araha, ya ɗauki 'yar jakarsa, ya tafi kallon kufai. Turkiyya, Jodan, Girka, duk inda aka ce ga tsohon birni da sunansa ya zo a Littafi Mai Tsarki, can zai nufa.

"Ni dai ban gane ba, mutumina," in ji Falalu. "Ka yi overtime wata da watanni, ka sayi ticket, don kawai ka je ka ga gidan da ya rushe? Zo in kai ka bayan Stockport Road, akwai su kyauta."

Gamaliel ya yi murmushi kawai. Dalilinsa yana Birmingham, a hawa na sama na wani dogon bene, zaune kusa da hitar ɗumama ɗaki da hular sanyi har kunne.

Baba Manasseh, mahaifinsa, mai bishara ne a Ungwan Ɗorawa, wani ƙauye a kudancin Kaduna. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana wa'azi a kan Haran da Afisa da Dutsen Nebo kamar wuraren suna bayan tsaunin garinsu, alhali ko Legas bai taɓa zuwa ba. Amma in za a faɗi gaskiya, manomi ne da ya iya wa'azi. Ranar Lahadi ce ta coci, sauran ranakun na citta da acca ne. Da matarsa ta rasu, idonsa kuma ya tafi, sai 'yarsa Celestina, wadda take aikin jinya a Birmingham, ta ɗauko shi tun kafin a tsaurara dokar kawo iyaye. Ya bar gonarsa a hannun ƙaninsa Kambai. Da farko akwai wani zauren tsofaffi da ake kai shi ya wuni, yana yi wa Turawa da 'yan Jamaika wa'azi da Hausa suna gyaɗa kai. Shi ma wurin aka rufe shi a shekarar da aka rage kuɗin komai. Daga nan duniyar Baba ta koma kujera ɗaya da taga ɗaya, tagar ma ba ta da amfani a wurinsa.

Tafiyar Gamaliel ta farko Afisa ce. Ya taka titin marmara, ya hau matattakalar dandalin kallo har numfashinsa ya ɗauke, ya bi ɗan jagora yana jin wane sarki ya gina me. Ya dawo da hotuna fal waya, ya shiga motar Birmingham da murna, ya zauna gaban tsohon, ya zaro wayar. Sai a lokacin ya tuna wanda zai nuna wa. Mutum mai hankali, wanda ya yi rayuwarsa cikin littattafai, ya ɗauko wa makaho hoto tun daga Turkiyya. Kunya ta kama shi, ya mayar da wayar aljihu, ya shiga bayanin ginshiƙai da baki.

Baba ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya katse shi. "Me suke nomawa a can?"

"Ban lura ba, Baba."

"Ka je har garin da Bulus ya zauna, ba ka leƙa gona ba? To me mutanen suka ci suka yi wannan ginin?" Ya miƙa hannu. "Ba ni takalminka."

Gamaliel ya cire ya ba shi. Tsohon ya sa farce ya ƙwaƙulo 'yar ƙasar da ta maƙale a tsagin tafin, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ɗan taɓa a harshe. Celestina ta yi ƙara daga kicin cewa ƙazanta ce, ko a jikinsa. Ya ce wannan ta gauraya da ta tashar mota, amma a ƙarƙashi akwai wata mai ɗan maiƙo, irin ta bakin rafi. Ranar ya yi hira har abincinsa ya huce.

Tun daga nan tsarabar ta sauya. Falalu ne yake kawo ƙananan kwalaben magani da aka wanke, yana mita yana kawowa. Gamaliel ba ya taɓa komai a cikin kufai, ko tsakuwa, don ya san doka kuma shi mutum ne mai tsoron doka. Idan ya gama bin ɗan jagora, sai ya zame ya bi hanyar bayan gari har ya sami gona, ya gaida mai ita da hannu, ya durƙusa ya ɗebi dintsi ɗaya yadda ya same ta, da ƙaiƙayinta da tsakuwarta, wani lokaci har da kashin awaki. Ya tura kwalbar cikin safa, ya wuce filin jirgi kamar wanda ya ɗauko zinariya.

Ranar Lahadi bayan coci, Celestina ta shimfiɗa faranti a cinyar Baba, ta ajiye kofin ruwa a gefe. Shi kuma ya zazzage, ya baza, ya jiƙa yatsa, ya mulmula, ya shinshina, sannan ya yanke hukunci. Ta Haran ya ce ƙasa ce mai kyau da ƙishirwa ta kashe, ba mamaki Ibrahim ya tashi. Ta Dutsen Nebo ya tofar, ya ce ko akuya sai ta yi tunani. Ta bakin Kogin Urdun ya daɗe yana juyawa, ya ce da zai sami kadada ɗaya a nan da ya nuna musu yadda ake citta. Ta Koranti ya ce ta masu inabi ce, shi ya sa mutanen garin suka ba Bulus wahala. Kowace kwalba idan an gama da ita sai a jera ta a kan taga, kuma ya san mazaunin kowacce da hannu.

Har Falalu sai da ya bi shi Jodan wata shekara, wai zai je ya ga abin da ke cinye kuɗin maƙwabcinsa. Suka hau har kogon da ake dangantawa da Annabi Luɗu, suka tsaya suna haki suna kallon Tekun Gishiri, kowa yana ba da labarin yadda aka koya masa, suna gyara wa juna. Da suka sauko, Falalu ne ya tsaya gadi a bakin wata gonar tumatir yana cewa, "Yi sauri, Malam, ni ba zan yi bayanin wannan a immigration ba." Ya dawo Longsight yana ba da labari fiye da mai tafiyar.

Bayan hukuncin ƙasa, abu na biyu a kowace Lahadi shi ne waya. Celestina ta kira Kambai, ta sa wa Baba a kunne.

"Kambai, yaya citta?"

"Ta yi kyau, Yaya. Bana har ta fi bara."

"Ka rufe ta da ciyawa da wuri?"

"Na rufe."

"Gefen ɗorawa fa? Kada ka bar tofa ta shiga, in ta kafa saiwa sai ta kore ka."

"Ina sane, Yaya."

Babu citta, babu acca, babu kowa a Ungwan Ɗorawa. Hare-hare sun yi yawa a yankin, aka ƙone wasu gidaje, aka binne waɗanda aka binne, sauran suka kwashe abin da za su iya suka watse. Kambai yana Kafanchan, a ɗakin haya bayan wani coci, shi da matarsa. Celestina ce ta yanke cewa ba za a faɗa wa Baba ba. Ta ce ita ce take auna jininsa, ta san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Kambai ya yarda, Gamaliel ya yarda, aka shekara ana noma a waya, aka sake shekara, damina tana zuwa a kan lokaci, amfani yana kyau. Gamaliel ba ya son wannan wayar. Da an fara sai ya tashi ya shiga kicin wanke kofin da ba shi da datti.

Shi kansa rabonsa da gida tun jana'izar mahaifiyarsa. Yana da amsoshi da yawa in an tambaye shi, tsadar jirgi, ƙarancin hutu, rashin tsaro a hanya. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Kufan mutanen da suka mutu tun kafin kakanninsa ba ya hana shi barci, har sanwic yake ci a kan dutsensu.

A hunturun da ƙafafun Baba suka fara kumbura, likita ya ƙara magani ya rage magana. Gamaliel ya zo da kwalba daga birnin Filibi. Tsohon ya murza sama-sama, bai ce komai a kanta ba, ya ture farantin.

"Gamaliel."

"Na'am, Baba."

"Ka kawo mini ta Ibrahim, ka kawo ta Musa, ta Bulus ma har ta yi yawa. Tawa fa?"

Celestina ta ce ai za a sa Baba Kambai ya aiko. Tsohon ya ce a'a, Kambai bai iya ɗiba ba, wanda ya saba shi zai je. Ya ce daga gefen ɗorawa yake so, inda ya fara kafa garma shekarar da ya yi aure.

A bakin lif Celestina ta tare yayanta. "Yaya, don Allah kar ka wahalar da kanka. Ka je garden centre ka sayi compost, ƙasar shukar nan ta cikin leda, ko ka sa a ɗebo a kowace gona a Kafanchan. Likita ya ce a guje masa duk wani stress."

"Mutumin da ya gane tashar mota a tafin takalmi za ki ba compost?"

"To ka san yadda za ka yi. Amma in ya gane, kai ka jawo."

Ya nemi hutu, ya samu a farkon damina, ya yi musanyar aiki da wani direba ɗan Somaliya, ya tafi. Kambai ya tarye shi a Kafanchan, ya tsufa fiye da muryarsa. Da hantsi suka hau acaɓa biyu, suka bar kwalta, suka bi hanyar da ciyawa ta kusa shafewa. A bakin garin masu acaɓa suka ce nan za su jira, kuma kada a daɗe.

Kambai ya shiga gaba yana nunawa da sanda. Nan ne coci. Nan gidan su wane. Nan makaranta, an kwashe kwanon. Gamaliel yana biye da shi, hannu a baya, sai ya ga ashe tafiyar da ya saba ce, mutum ɗaya a gaba yana cewa nan ne kaza, shi a baya yana gyaɗa kai. Idonsa ma ya riga ya koyi aikin. Ya san bango yakan tafi ya bar dokin ƙofa, ya san inda ƙasa ta yi baƙi murhu ne, ya san dutsen niƙa ba ya zuwa ko'ina. Ya tarar da na mahaifiyarsa a inda yake tun yana yaro, ruwan sama ya taru a cikinsa. Wayarsa tana aljihu, bai ciro ta ba.

Gonar kuwa tofa ta cinye ta har ƙirji. Ɗorawar ce kawai ta nuna musu wurin. Kambai ya tsaya daga baya, ya ce a hanya akwai gonar wani da ake nomawa, ƙasar duk iri ɗaya ce, a ɗiba a can. Gamaliel ya ce a'a. Ya karɓi adda ya sare ciyawar, ya tona, ya cika kwalba da abin da ya samu. Rabinta saiwa ce, farare masu kaifin baki, sun saƙe ƙasar ta ko'ina.

Da suka koma Kafanchan ya zauna a tsakar gida ya yi dabara. Ya ari rariyar matar Kambai, ya shanya ƙasar ta bushe, ya murje ta, ya tankaɗe, ya sake tankaɗewa, har ba sauran saiwa ko ɗaya, ba gawayi, ba tsinke. Ta fito lukui, ja, gwanin kyau. A ransa ya ce bai yi ƙarya ba, ƙasar gefen ɗorawa aka ce, ita ya kawo. Kambai ya duba ya ce madalla.

Ranar Lahadi da rana ya iso Birmingham. Celestina ta shimfiɗa farantin, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Baba ya zazzage kwalbar, ya kai tafinsa hanci, ya ja numfashi mai tsawo. Fuskarsa ta saki, har ya yi 'yar dariya.

"Ita ce," ya ce. "Wannan ita ce."

Ya baza ta a faranti, ya shiga bi da yatsu kamar yadda ya saba. Ya bi ta dama, ya bi ta hagu, ya tattara, ya sake bazawa. Yatsun suka rage sauri, sannan suka tsaya.

"Wa ya tankaɗe ta?"

Ya juyo da fuskarsa wajen Gamaliel.

"Ta Haran ka kawo mini da ƙaiƙayinta. Ta Urdun har da kashin akuya. Tawa ce ka wanke mata fuska?" Bai ɗaga murya ba. "Me ka cire, Gamaliel?"

Gamaliel ya dubi ƙanwarsa. Ta girgiza masa kai, idonta ya cika. Ya dubi hannun tsohon a kan farantin.

"Tofa ce, Baba."

"Da yawa?"

"Har ƙirjina."

Wanda ya yi noma ya san tofa ba ta kai ƙirji a damina ɗaya, kuma ba ta kaiwa in akwai ko mutum ɗaya a gari mai riƙe fartanya. Baba ya tambayi coci, aka faɗa masa. Ya tambayi wasu mutane da sunayensu, Gamaliel ya faɗi wanda ke Kafanchan, da wanda ke Kaduna, da wanda ba ya ko'ina. Celestina ta matso da abin awon jini, ya ɗaga mata hannu, ta tsaya. Bai yi kuka ba. Ya ci gaba da shafa ƙasar a hankali har ta kwanta sumul.

Can ya ce, "Lokacin waya ya yi. Kira mini Kambai."

"Baba, a bari sai gobe," in ji Celestina.

"Yau Lahadi."

Ta kira, ta sa masa a kunne. Gamaliel ya miƙe zai shiga kicin, tsohon ya kamo bakin rigarsa ya zaunar da shi.

"Kambai, yaya citta?"

Muryar Kambai ta fito ƙarama daga wayar. "Ta yi kyau, Yaya."

"Yaro ya kawo mini ƙasar. Na taɓa ta. Ka riƙe gonar nan da kyau, Kambai, ko tsinke babu. Allah ya yi maka albarka."

Kambai ya ce amin. Ya ƙara da cewa bana yana tunanin ya sa dauro a gefen rafi. Baba ya ce shawara ce mai kyau, amma ya jira ruwa ya zauna. Suka yi ta yi har katin ya kusa ƙarewa.

Da aka kashe wayar, ya ce da su kada kowa ya gaya wa Kambai cewa ya san gaskiya. "Ni na yi nomana na gama. Shi kuwa gonar da ta rage masa ke nan, ta ranar Lahadi. Ku bar masa."

Ya tattara ƙasar da gefen hannu, ya mayar cikin kwalbar ba tare da ya zubar da ko kaɗan ba, ya rufe. Gamaliel ya ɗauka zai ce a sa masa ƙarƙashin matashi, ko a aljihun rigarsa. Tsohon ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya miƙo, ya nuna wajen taga da haɓa, inda Haran da Nebo da Koranti suke jere.

"Sa ta a layinsu," ya ce.